Tankin ruwan gishiri a wani shagon kifin ado a Katsina: aiki mai kyau, gargaɗi kaɗan

Shagunan da ke sayar da kifin ado ba su da yawa a birnin Katsina, kuma galibinsu kayan ruwan daɗi suke sarowa daga Kano ko Legas: ƙananan jajayen kifaye, akwatunan gilashi, famfon iska da tsakuwa mai launi. Ɗaya daga cikinsu, wanda ke tsakanin Ƙofar Ƙaura da GRA, ya ƙara wani abu da ba a saba gani ba a nan, wato tankin ruwan gishiri mai ɗauke da halittun teku masu rai, kuma yana karɓar aikin haɗa irinsa a gidaje da ofisoshi da otal-otal, tare da yarjejeniyar zuwa duba shi duk wata. Ba zan kama sunan shagon ba, domin a cikin bayanina akwai yabo akwai kuma suka, kuma sukar ta shafi duk mai wannan sana'a, ba shi kaɗai ba.

Abin da ya kai ni shi ne makarantar da nake koyar da ilmin halittu tana tunanin ajiye tanki a ɗakin gwaje-gwaje, domin ɗaliban da ba su taɓa ganin ruwan da ya wuce madatsar Ajiwa ko ta Jibiya ba su ga da idonsu dabbobin da suke haddace sunayensu saboda jarrabawar WAEC da NECO.

Ta fuskar haɗa kaya ban ga abin kushewa ba. Gilashin yana da kauri, an liƙe kusurwoyinsa da gam ɗin silikon ba tare da kumfa ba, kuma an ɓoye matatar ruwa da famfuna a cikin kabad ɗin da ke ƙasa. Mai shagon ba ya amfani da gishirin miya, yana da gishirin da aka haɗa musamman don kwaikwayon ruwan teku, yana narkar da shi a ruwan da aka tace da inji irin na masu ruwan leda, sannan ya auna har ya kai kimanin giram 35 a kowace lita, wanda shi ne matsakaicin gishirin teku. Ya kuma san cewa idan ruwa ya ragu saboda bushewar iska, musamman da hunturu, ruwan daɗi ake ƙarawa, domin ruwa ne ya tashi, gishirin yana nan. Abin da ya fi burge ni shi ne ba ya yarda ya sayar wa mutum tanki da dabba a rana guda. Yakan ce a bar tankin ya yi mako 4 zuwa 6 yana aiki babu kowa a ciki, har ƙwayoyin bakteriyar da ke cinye amoniya, gubar da ke fitowa daga kashin kifi, su zauna a jikin duwatsu. Ɗan kasuwar da ya iya cewa mai kuɗi ya je ya dawo bayan wata guda ya cancanci a yaba masa.

Matsalar Katsina ita ce zafi, kuma bai ɓoye ta ba. Waɗannan halittu suna son ruwa tsakanin digiri 24 da 27, alhali a watan Afrilu zafin garin nan yakan haura 40, da hunturu kuma dare yakan sauko ƙasa da 15. Saboda haka tankin yana buƙatar na'urar sanyaya ruwa da bazara, na'urar ɗumamawa da sanyi, fitila mai ƙarfi kullum, da famfunan da bai kamata su tsaya ba ko da na rabin yini ne. Wanda ba shi da sola da inbata da batura masu kyau kada ya fara, kuma kuɗin waɗannan na iya zarce kuɗin tankin kansa. Dalilin tsananin wannan buƙata yana cikin jikin dabbobin. A cikin naman da yawa daga cikinsu, ban da kifaye, akwai wata irin gansakuka mai ƙwayar halitta ɗaya, tana amfani da haske tana haɗa sukari, dabbar na ci daga ciki, ita kuma tana samun mafaka da takin da dabbar ke fitarwa. Idan ruwa ya ɗumama fiye da ƙima, ko da digiri ɗaya ko biyu ne na tsawon makonni, dabbar takan kori gansakukar, ta yi fari fat, ta shiga yunwa. Wannan ne abin da ya faru ga duwatsun murjani na duniya, waɗanda wasu ƙananan dabbobin teku ke ginawa, a 1998 da kuma a Ostareliya a 2016 da 2017, kuma zai iya faruwa a falon mutum a cikin mako guda idan na'urar sanyaya ta lalace.

Abin da ke jan idon masu shigowa shi ne anemoni, wata dabba mai kama da buɗaɗɗen fure, wadda ta manne da dutse da gindinta, bakinta a tsakiya, yatsu masu laushi sun kewaye shi suna rausaya. Akwai irinta fiye da 1,000 a tekunan duniya. Kowane yatsa cike yake da dubban ƙananan ƙwayoyin harbi, kowace da zare mai ƙaya a naɗe a ciki, kuma da zarar ƙaramin kifi ko jatan lande ya goga jikinsa sai zaren ya fita da saurin da ido ba ya gani, ya huda fata, ya zuba dafi. Wadda ke shagon ita ce Entacmaea quadricolor, mai kumburarrun kan yatsu, kuma zaɓi ne mai kyau, domin ta fi sauran jure zaman tanki. A cikinta akwai kifayen anemoni guda biyu, masu ruwan lemo da fararen zane.

Wannan zama na kifi da anemoni shi ne darasin da zan so ɗalibai su gani. Kifin anemoni kusan iri 30 ne, amma anemoni iri 10 kacal ke karɓar baƙuncinsu. Yauƙin da ke jikin kifin yana hana ƙwayoyin harbi tashi a kansa, don haka yakan fake a wurin da babban kifi ba ya iya binsa, ya kuma saka ƙwai a kan dutsen da ke gindinta. Shi kuma yana korar kifayen da ke gutsurar yatsun anemoni, kashinsa yana zama taki ga gansakukar da ke jikinta, kuma motsinsa da dare yana kaɗa mata sabon ruwa mai iskar oksijin. Ba kifi kaɗai ke cin moriyar dafin ba. Akwai ƙaguwar da ke zama a cikin ƙwanson dodon koɗi, wadda ke ɗora anemoni a bayan ƙwanson don kariya, kuma idan ta sauya gida takan ɓamɓare ta ta tafi da ita. Akwai wata ƙaramar ƙaguwa mai suna Lybia da ke riƙe anemoni ɗaya a kowane hannu tana kai wa abokan gaba naushi da su. Dafin da ke kashe wani shi ne katangar wani, kuma a wuraren da masu kamu suka kwashe anemoni don sayarwa, kifayen da ke dogara da ita sukan ragu tare da ita.

A nan ne na sami abin suka na farko. A wani ƙaramin tanki na gefe akwai wata anemoni fara sol, kuma yaron shagon yana tallata ta a matsayin iri na musamman mai tsada saboda farinta. Wannan fari alamar ciwo ce: ta rasa gansakukarta a hanya, kuma idan ba a ciyar da ita da hannu an ba ta haske daidai ba, mutuwa za ta yi, gawarta kuma tana iya ɓata ruwan tanki gaba ɗaya a dare ɗaya. Abin takaici ne, domin dabba ce mai tsawon rai. Wata da wani masani ɗan Sikotland, Sir John Dalyell, ya ɗauko daga bakin teku a 1828 ta rayu a cikin kwalba har 1887, ta binne mai ita da shekaru masu yawa. Bakin tekun Nijeriya ba shi da manyan duwatsun murjani, saboda laka da ruwan daɗin da Neja da sauran koguna ke zubarwa, don haka irin waɗannan kaya daga nesa suke zuwa, daga ƙasashe irin su Indunusiya da Filifin da Kenya, su sauka Legas, su hau jirgin Kano, sannan su yi tafiyar kusan kilomita 170 a mota. Dabbar da ta sha wannan wahala ta cancanci a bar ta ta murmure kafin a sa mata farashi.

Harbin anemonin shagon ba ya wuce ƙaiƙayi da ɗan kumburi ga yawancin mutane, amma bai kamata a raina maimaituwarsa ba. Da dafin anemoni ne Charles Richet da Paul Portier suka gano a Faransa a 1902 cewa karen da aka yi wa allurar dafi kaɗan ya warke, idan aka sake yi masa bayan makonni, maimakon ya jure sai ya faɗi ya mutu cikin ɗan lokaci. Wannan ne asalin sanin mummunan borin jini mai toshe numfashi, kuma a kansa Richet ya sami kyautar Nobel a 1913. Yaron da ke tsoma hannu tsirara kullum yana gwada jikinsa ne ba tare da ya sani ba.

Babbar damuwata kuwa tana kan abin da ya fi komai araha a shagon. A kan wasu ƙananan duwatsu akwai gungun halittu masu kama da maɓallan riga, wasu kore da lemo masu sheƙi a ƙarƙashin shuɗiyar fitila, wasu faffaɗa masu ruwan ƙasa. Waɗannan su ne zowantid, 'yan uwan anemoni da murjani, kuma ana sayar da su ga sababbin shiga saboda ba su da saurin mutuwa. Masu sheƙin galibi jinsin Zoanthus ne, masu ruwan ƙasan kuma sun yi kama da Palythoa. Na ga yaron shagon ya ciro irin wannan dutse da hannu, ya ɗora a kan tebur, yana goge gansakukar gefensa da buroshin haƙori, fuskarsa dab da shi, fanka kuma na kaɗawa a kansa.

Na ce wa mai shagon, "Alhaji, ka san wannan mai ruwan ƙasan yana iya ɗauke da dafin da ya fi na maciji?" Ya ce, "Malam, wanda ya turo mana bai faɗa ba, kuma yaran nan kullum suna taɓawa, lafiya lau." Na yarda da gaskiyarsa a duka biyun. Ba kowane gungu ke da dafin ba, kuma ba a iya bambance mai shi da marar shi da ido, wanda shi ne ainihin haɗarin.

Sunan dafin palitoksin, kuma yana cikin mafiya ƙarfi da aka sani a cikin dafin da ba furotin ba. Mutanen yankin Hana a tsibirin Maui na Hawai sun daɗe da sanin wani ɗan kududdufi a bakin teku da mayaƙansu ke shafa abin da ke cikinsa a tsinin mashi. Masana sun gano wurin a ƙarshen 1961, kuma a 1971 Richard Moore da Paul Scheuer na Jami'ar Hawai suka fitar da dafin daga dabbar da aka raɗa wa suna Palythoa toxica. Sai a 1981 aka gane tsarinsa, domin ƙato ne mai ƙwayar kabon 129, kuma sai a 1994 ayarin Yoshito Kishi na Jami'ar Harvard ya iya haɗa shi a ɗakin gwaji. Aikinsa a jiki yana da sauƙin fahimta. A bangon kusan kowace ƙwayar halittar jikinmu akwai wani ɗan famfo da ke fitar da sodiyam yana shigo da fotasiyam, kuma da wannan bambanci ne jijiya ke aika saƙo, tsoka ke motsi, zuciya ke bugawa. Dafin kwankwani da maharbanmu na da ke shafa wa kibiya wannan famfon yake kamawa ya tsayar da shi. Palitoksin shi ma famfon yake kamawa, sai dai maimakon ya tsayar da shi, yakan mayar da shi ƙofa a buɗe, gishirin ciki da na waje su cakuɗe, ƙwayar ta kumbura ta lalace.

Yana shiga ta rauni a fata, ta ido idan dabbar ta fesa ruwa, ta baki, da kuma ta numfashi, wanda shi ne ya fi kama mutane da yawa a lokaci guda. A jihar Virginia ta Amurka wani mai tanki ya zuba tafasasshen ruwa a kan dutse don ya kashe zowantid, ya shaƙi tururin, ya kwanta ciwo, kuma wannan na cikin abin da ya sa masu binciken hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, suka sayo samfura daga shaguna, suka wallafa a 2011 cewa wasunsu na ɗauke da dafin mai yawa. Hukumar daƙile cututtuka ta Amurka, CDC, ta ba da rahoton aƙalla mutum 10 da suka kamu a Alaska tsakanin 2012 da 2014, wasunsu ma'aikatan shago. A 2018 a yankin Oxfordshire na Ingila an kai mutum 10 asibiti bayan an kankare dutse a cikin gida, har da 'yan kwana-kwana huɗu da suka je ceto. Zafi ba ya kashe wannan dafi, kuma wannan ya kamata ya shiga kunnen mutanenmu, domin a wurinmu duk abin da ake ƙyama ruwan zafi ake fara zuba masa.

Alamunsa su ne zazzaɓi, tari, ciwon ƙirji da sarƙewar numfashi, ciwon tsoka, ɗaci mai ɗanɗanon ƙarfe a baki, jan ido, wani lokaci da fitsari mai duhu saboda narkewar tsoka, wanda ke iya taɓa ƙoda. A Katsina duk wanda ya ji haka zai ce zazzaɓin cizon sauro ne, ya aika kemis. Abin da zai bambance shi ne idan mutanen gida da yawa suka kwanta a dare ɗaya, sa'o'i kaɗan bayan an taɓa tanki. Ba shi da makari, taimakon numfashi da ƙarin ruwa da lura ake yi a asibiti, kuma likita ba zai yi tunaninsa ba sai an faɗa masa sunan abin. Matakin farko shi ne a fita daga ɗakin, a buɗe tagogi, a wanke fata da sabulu da ruwa mai yawa, a daɗe ana ɗauraye ido idan ya shafe shi.

A teku wannan dafi da wannan naci suna da aikinsu. Palythoa takan zauna a saman duwatsun da igiyar ruwa ke duka, inda ruwa ke janyewa ya bar su a rana, tana lulluɓe kanta da yauƙi don kada ta bushe, tana kuma cusa ƙwayoyin yashi a cikin namanta don ƙarin ƙarfi. Shimfiɗarta tana rufe dutse, ƙananan ƙaguwa da tsutsotsi suna samun mafaka a tsakaninta, kuma tana tace ƙananan halittun ruwa tana ci. Dafin yana rage masu cin ta, amma bai kore su duka ba: akwai tsutsar wuta, da wasu dodon koɗi, da kifin Aluterus scriptus, waɗanda ke cin ta su tara dafin a jikinsu, ta haka ya hau zuwa ga wanda ya ci su. An sami mutuwar mutane bayan cin ƙaguwa a Filifin da kifin sadin a Madagaska, kuma akwai wata gansakukar teku mai suna Ostreopsis da ke haɗa dangin wannan dafi, wadda ta sa kusan mutum 200 neman magani a Genoa ta Italiya a 2005 don kawai sun shaƙi iskar bakin teku. Inda ruwa ya gurɓace murjani ya raunana, zowantid takan mamaye wurin ta hana shi dawowa, kamar yadda aka gani a mashigin Todos os Santos na Brazil. Wannan halin mamaya shi take nunawa a tanki: ta bazu, ta hau kan abin da mai gida ya fi so, shi kuma ya ɗauko wuƙa ko buroshi. Yawancin haɗurran da aka rubuta daga nan suka fara.

Don haka ba na ganin laifin sayar da su, laifin shi ne sayar da su kamar furen roba. Mai shagon ya saurare ni da mutunci, kuma da na koma daga baya na tarar ya sayo safar hannu doguwa, sai dai babu tabarau na kariya, babu takunkumi, babu kuma ko takarda ɗaya ta gargaɗi a jikin tanki ko a rasit. Ga makarantarmu na ba da shawarar a karɓi tankinsa da aikinsa, a fara da kifi kaɗai, wanda aka ƙyanƙyashe a gona idan ya samu, a ɗage maganar anemoni sai tankin ya yi wata 6 ya kuma tsallake bazara, Palythoa kuwa kada ta shiga wurin da yara 'yan shekara 15 ke yawo. Haka zan ce wa mai gidan da ke da ƙananan yara, ko asibitin da ke son ƙawata ɗakin jira. Wanda ya dage sai ya ajiye, ya riƙa yin duk aikinsa a ƙarƙashin ruwa, da safa da tabarau, ya sa gawayin tacewa a matata, ya rufe saman tankin.

Yarjejeniyar duba tanki duk wata tana da amfani, ana canza wani kaso na ruwan, ana auna gishiri, ana wanke famfuna, kuma suna zuwa a kan lokaci bisa shaidar wani abokin aikina da ke hulɗa da su. Amma akwai giɓi a cikinta da ya kamata mai saye ya cike kafin ya biya, wato wanda zai karɓi dutsen idan an gaji da shi ko tankin ya mutu. A yanzu shagon ba ya karɓar komai baya. Dutsen da ya bushe yana nan da dafinsa, ƙurarsa ma tana cutarwa, saboda haka ba a shanya shi a rana, ba a jefa shi a bola inda yara da awaki ke tono, ba a kuma zubar da ruwansa a kwata. Ana jiƙa shi ne a waje, a cikin ruwan wanke farin kaya irin su Hypo ko Jik, kashi 1 a cikin kashi 9 na ruwa, ba tare da an haɗa da wani sinadarin ba, a bar shi ya daɗe, sannan a ƙulle shi a leda biyu. Na roƙi Alhaji ya rubuta wannan a cikin yarjejeniyar ya kuma ɗauki nauyin yinsa da kansa, ya ce zai duba abin da zai ci masa.